Maginin da Bai Ɗaga Kai Ba

Zuwa ga ƙanena Usmanu, a Bur Sudan.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Hajara da yara. Yaya ƙafar Gwaggo? Mu ma lafiya, alhamdu lillahi.

Bayan haka, ga wasiƙarka ta Rajab a gabana: "Yaya, kada ki damu, kafin hadari ya taso zan turo magini ya gyara indararo." To, iska ta fara kaɗawa daga teku. Ni na kwance rumfar tsakar gida, na sauko da kejin tantabaru, na yashe magudanar da ta toshe bara har ruwa ya jiƙa littattafan Baba.

Mutuminka ya zo ranar Talata da farar riga tas, ko cokalin gini bai riƙo ba. Na nuna masa indararon da ya tsage, bai ɗaga kai ba. Sai ya bi tsakar gida yana ƙirga taku, ya ce, "Hajiya, sakkin gidan, takardar mallakar nan, yana wajenki?" Na ce, "A garinku da takarda ake liƙe indararo?"

Usmanu, magini sama yake kallo, mai auna ƙasa dillali ne. Sayar da gidan Baba za ka yi ina ciki?

Ka gaishe da Gwaggo, ta yi mana addu'a ruwan ya zo da sauƙi. Kai kuma amsarka ta iso kafin ƙarshen Sha'aban. In na ji shiru, zan ɗauko magini a nan unguwar Bab Makka, in kai sakkin gaban alƙali a rubuta rabona da sunana.

Yayarka,
Rakiya