Tsohon da na bari a duwatsun Ɗa'ifa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Inna, ya Hadiza da yara?

Jiya na dawo Jidda. Kwana biyar ina tafiyar ƙasa a duwatsun Ɗa'ifa, jaka a baya, ni kaɗai tunda ka koma gida. Rana ta uku ƙafata ta yi bororo, ina mita da Hausa, sai wani tsoho mai kiwon raƙuma ya ce, "Ɗana, sake faɗa." Bahaushen Sudan ne, ya daɗe bai ji Hausa ba. Ya roƙe ni in kwana. Kafili, ubangidan da nake wa aiki, na jirana, dole na wuce. Har na hau tudu ina jin kiransa.

Ku sa shi a addu'a, Yaya. Ko sunansa ban tambaya ba.

A gaida Kawu.

Ƙaninka,
Habu