Hancin Gwatidzo da Tanki na Uku

Litinin, 7 ga Maris, 2022

Manaja Chikomo ya kira ni ofis. Wai bana gidan giyarmu na Dombo ke cika shekara sittin, ni ne mafi daɗewa, in rubuto tarihinsa a buga. "Shafi huɗu, Baba Gwatidzo, mai daɗi. Kada ka sa mana kuka." Na ce to.

Ya kuma ce babban kamfanin da ya saye mu zai aiko mutum biyu daga Harare cikin Afrilu. Su ɗanɗana, su duba, su yanke: ko a ci gaba da dafa giya a nan, ko a mai da wurin sito. Mu arba'in da uku ne.

Alhamis, 10 ga Maris

Wata takwas ke nan tun da korona ta sake ni. Har yau ba na jin ƙanshin komai. Shugaban dahuwa, ba hanci. Ban gaya wa kowa ba. Agogo nake bi, da ma'aunin zafi, da launin kumfa.

Asabar, 19 ga Maris

Na zauna zan rubuta tarihin. Me zan ce?

Turawan hukumar gari ne suka gina gidan giyar a 1962, don su hana mata dafa giyar dawa a gida. Sai dai ka saya a wurinsu. Shekarar da aka buɗe, 'yan sanda suka fasa tukwanen giyar mahaifiyata a tsakar gida, ta yi wata uku a kurkuku, ina goye aka karɓe ni aka miƙa wa ƙanwarta. Bayan ta fito, mahaifina ya sami aikin ɗaukar buhu a nan ɗin. Ba ta taɓa sa giyar Dombo a bakinta ba har ta mutu.

Ni na shiga a 1981. Wani tsohon Bature mai jan wuya ya koya mini. Yakan kama ƙeyata ya danna kaina bakin tanki, ya ce shaƙa, faɗa mini kwana nawa. In na yi kuskure, mari. Shekarar fari, 1992, dawa ta ɓace, muka dafa da jar masarar agaji, mashaya suka sa mata suna fitsarin jaki, suka kuma shanye.

Ba ɗaya a ciki da Manaja zai buga. Na rubuta masa cewa gidan ya haɗa kan al'umma.

Litinin, 4 ga Afrilu

Matata, Uwar Rudo, ta ƙona tuwon masara ina zaune a bakin ƙofar kicin. Hayaƙi ne ya sa na ɗago. Ta daɗe tana kallona. "Baban Rudo, kai da kake jin an kunna ashana a maƙwabta?" Na ce tunani nake.

Talata, 12 ga Afrilu

Shorai ta tare ni a tanki na uku. Ita ce mataimakiyata, shekara goma sha biyu muna tare, 'ya'yanta uku, mijin ya tafi birnin Joni, can ƙetaren iyaka, neman aiki bai waiwayo ba. Ta ce, "Baba, wannan tsamin ba namu ba ne. Warin man shanu da ya lalace nake ji."

Na leƙa, na shaƙa kamar mai ji. Zafi daidai, kwanaki daidai, kumfa fari tas. Ga masu tace giya su huɗu sun tsaya suna kallonmu. Na ce, "Tun ba a haife ki ba nake shaƙar tankin nan. A ɗura."

"Baba, gobe baƙi..."

"Na ce a ɗura."

Ta sa hannu a takardar fitarwa, don ita ke sawa.

Laraba, 13 ga Afrilu

Sun zo, namiji da mace, da fararen riguna. Matar ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta juya baya ta tofar a hankici. Namijin ma bai kurɓa ba, hanci kawai ya kai. Kafin azahar motocinmu biyu sun dawo da giyar da suka kai kasuwa. Wata mai mashaya ta aiko direba da saƙo: a tambayi Gwatidzo ko safar ƙafarsa ya wanke a ciki.

Alhamis, 14 ga Afrilu

An dakatar da Shorai. Sa hannunta ne a takarda. Manaja ya tambaye ni a gabanta, "Ka duba tankin?" Na ce ranar ina wajen tsiron dawa. Ta dube ni. Ta cire farar rigar aiki ta ninke ta ajiye a teburinsa, ta ce, "A sauka lafiya, Baba."

Juma'a, 22 ga Afrilu

Tanki na ɗaya ya isa fitarwa. Ba wanda zan tambaya. Na ƙara masa yini ɗaya don tsoro, ya wuce lokacinsa ya lalace.

Lahadi, 24 ga Afrilu

Ban je coci ba.

Talata, 3 ga Mayu

Na ga Shorai a tashar mota tana sayar da tumatir a faranti. Na so in ratse ta bayan kantin taya, ta riga ta gan ni. Ta gaishe ni da tafi biyu yadda ta saba. Sai ta ce, "Tun Agusta na sani, Baba. Ranar da gas ya zube kana tsaye a kai kana shan shayi." Wai duk watannin nan tana bin bayana tana shaƙar kowane tanki, in ta ga zan kauce sai ta ce, ko mu ƙara masa awa biyu, Baba? Ni kuma in ce haka nake shirin faɗa.

Na tambaye ta me ya hana ta gaya wa Manaja. "Wa zai ɗauki tsoho mara hanci? Ni ko tumatir na iya sayarwa."

Na sayi kashi biyu. Abin da na iya yi ke nan, kashi biyu na tumatir.

Juma'a, 20 ga Mayu

Takarda ta zo daga Harare. Dahuwa ta ƙarshe ƙarshen Agusta. Za a bar mutum tara masu lodi da gadi. Manaja ya karanta mana a tsakar fili, sai mai shara ya ce a ba shi tsintsiyarsa ya tafi da ita. Sun ce tun bara aka yanke, ba ruwan tanki na uku. Wataƙila.

Da aka watse na bi Manaja ofis. Na faɗa masa duka, a tsaye. Ya cire tabarau ya murza ido. "Yanzu kake faɗa?" Ya ce shafi huɗun ma ba za a buga ba.

Litinin, 6 ga Yuni

Shorai ta dawo aiki. Ma'aikata ba sa gaishe ni kamar da, ban ga laifinsu ba. Saura mako goma sha biyu, ta ce ba tanki ɗaya da zai fita da wari kafin a rufe ƙofar nan.

Yau tanki na biyu ya isa. Masu tacewa suka ɗebo a moɗa suka miƙo mini, don sabo. Na nuna musu ita. Ta shaƙa, ta kurɓa, ta ce a ɗura, aka ɗura. Ni ina kan benci ina rubuta mata awa da zafi. Gwiwata ce ke ciwo, shi ya sa na zauna.