Safar Hannun da Kika Bari a Jaka

Zuwa ga yayata Saratu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da begen kina hutawa inda babu ciwo babu kuka. Ni ce Rahila, ƙanwarki mai keken ɗinki a kasuwar Samaru, wadda kike cewa bakinta ya fi allurarta tsini. Na san wasu za su leƙa wannan takarda. Su leƙa, dama akwai waɗanda nake so ta shiga kunnensu.

Labarin Lami na kawo miki. 'Yarki da kika bar mini tana sakandare ta gama makarantar koyon aikin lafiya, an tura ta wani ƙaramin asibiti a ƙauye, gaba da Bomo. Ita kaɗai za ta zama ma'aikaciya a wurin. Ranar da ta zo da albishir maƙwabta suka yi ta guɗa, ni kuwa ban taya su ba. Tsoro nake ji, Yaya, kada aikin da ya ɗauke ki ya haɗa da ita.

Kin iya aikinki, wannan ba mai musu. Awon ciki, allurar rigakafi, wankin ciwo, har mata kan ce hannunki ba ya zafi. Amma tun da kika fito makaranta ba wanda ya sake zaunar da ke ya ƙara miki ko harafi. Duk sa'ad da aka kira bita a Kaduna, oganku ne ke zuwa. Ya dawo da sabuwar jaka da hula, ya ce zai tara ku ya koya muku abin da ya jiyo, taron da har kika bar duniya ba a yi ba. Kina dariya kina cewa, "Oga ya cinye mana tuwon, mu sai mu ƙoshi da ƙamshin miya."

Sai Goggo Asabe ta kwanta a Sabon Gari, tsohuwar da ta goya mu duka biyu in Mama ta tafi kasuwa. Kika ba ta maganin maleriya, zazzaɓin bai sauka ba. Kika canza wani, ko gezau. Daga baya muka ji cewa a bitar da aka yi a shekarar an yi maganar zazzaɓin Lassa, an ce duk zazzaɓin da ya ƙi jin magani a yi hattara da shi, a tura mai shi babban asibiti. Maganar ba ta iso gare ki ba.

Na gan ki da idona kina tallafe da kanta tana amai, kina share mata jinin da ke fitowa a dasashinta da hannunki tsirara. Safar hannu na cikin jakarki. Da wata ta tuna miki, sai kika ce, "Matar da ta goya ni zan taɓa da roba? Ai sai ta ce ina ƙyamarta." Duk ɗakin muka gyaɗa kai, muka ce 'yar halak ce ke.

Ba mu gama karɓar gaisuwar Goggo ba kika kwanta. A babban asibiti aka sa ki a ɗakin da ba mu da izinin shiga, muna hango ki ta taga. Da kika cika ba a ba mu ke ba. Ni da na ɗinka miki kowace riga tun ta makaranta, ban samu na sa miki ta ƙarshe ba. Wannan abin har yau yana cina.

Shi ya sa da takardar Lami ta fito na zaunar da ita, na tambaye ta ko an koya musu kare kai daga cuta. Ta zubo mini shi kamar hadda, tiryan-tiryan. Na ce, ta taɓa sa rigar kariyar a jikinta? Ashe a allo aka zana musu ita. Washegari na rufe shago na tafi ofishinsu a Sabon Gari, na nemi a sa ta a bita kafin ta tafi. Wani mai tumbi ya ce mini bita ta manya ce, sabbi sai sun kwana biyu a aiki. Na ce masa cuta ba ta tambayar shekarun aiki. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan rubuta su a takardar da na buɗe da sunan Ubangiji ba.

Taimakon ya zo ta hannun Malama Hajara, abokiyar aikinki da ta yi ritaya. Tun rasuwarki abin ke damunta. Yanzu duk Asabar tana tara sabbin ma'aikata a tsakar gidanta a Palladan. Takan sa su saka safar hannu, ta shafa musu manja a kai, ta ce su cire. Duk inda ja ya taɓa fata, nan cuta ta shiga. Ranar farko Lami ta dawo da manja a wuyan hannu har da goshi, ta zauna a bakin gado tana kuka, tana kiran sunanki.

Abin da ya fi ba su wuya ba cirewar ba ce. Malama Hajara kan zauna a kujera ta zama tsohuwa mai faɗa, ta sa su durƙusa su nemi izinin taɓa ta da safa, ita kuwa tana ta yi musu gori. Ta ce wannan darasin babu shi a littafinsu, kuma rashinsa ne ya kashe ƙawarta.

Makon jiya zazzaɓi ya kayar da ni. Lami ta shigo, ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta buɗe jaka ta fito da safa. Yaya, ba zan ɓoye miki ba, raina ya sosu. Ni da na je na tayar da ofis a kan wannan magana, sai ga zuciyata tana cewa yarinyar da na yi wa wanka ce take gudun jikina. Ta ga fuskata ta canza, amma ba ta mayar da safar ba. Ta ce, "Inna, so nake in daɗe ina duba ki." Na miƙa mata hannu, na juyar da kai bango don kada ta ga hawayena. Maleriya ce kawai, na warke.

Ranar Litinin za ta tafi. A can za ta tarar da tsofaffi masu zuciya irin tawa, waɗanda ba su rasa yayarsu ba balle su gane. Za su kira ta mai girman kai, wasu su daina zuwa wurinta. Ban san ko za ta jure ba, yarinya ce mai son a so ta, kamar ke.

Ubangiji ya ba ki hutawa, ke da Goggo Asabe. Ya buɗe kunnen masu rabon bita su tuna da na ƙauye. Ita kuma Lami, ya Uba, ka taurara mata zuciya daidai gwargwado. Na yarda a zage ta, a ce ba ta da kunya, muddin za ta riƙa dawo mini gida da ƙafarta.

Ƙanwarki da ba ta daina kewarki ba,
Rahila
Samaru