Kwalbar da Ta Rufe Mana Ƙofofi

Lahadi, 14 ga Yuli, 1991

Bayan sujada Fasto ya tsayar da mu 'yan Zumuntar Mata. Yara uku aka binne daga layin da ke bayan cocinmu na Lutheran a unguwar Bagama cikin mako biyu, duk amai da gudawa. Ya ce ba ma yi ta rera waƙa a ciki, maƙwabta na kuka a waje ba. Za mu bi gida-gida mu koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari, ba ruwanmu da addinin mai gidan.

Da ya ce wa zai ja gaba, kowa ya waiwayo ni. To, da wa za su waiwaya? Shekara bakwai na yi ina taimakon nas a ɗakin shan magani a Numan kafin aikin Abuja ya jawo mijina Sebastine nan, ni kuma na koma sayar da busasshen kifi. Na ɗan yi kamar ba na so, don kada a ce na matsu.

An haɗa ni da Bose matar Adewale, wai don a garin nan aka haife ta, ta san kowa. Yarinyar ba ta da laifi, sai shegen surutu.

Laraba, 17 ga Yuli

Mun yi gwaji a coci, mu goma sha ɗaya. Na koya musu yadda aka koya mini: tafasasshen ruwan da ya huce cike da kwalbar giya ɗaya, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, sukari cokali goma, kowane cokali a shafe shi da yatsa kada ya yi tudu. Kwalbar ita ce ma'auni. Na roƙo guda goma sha ɗaya a shagon Alphonsus mai sayar da giya, muka wanke su tas da ruwan zafi.

Bose ta ɗaga tata tana juyawa. “Mama, abeg, wannan kwalbar fa, a gidajen Musulmi...”

Na ce Bose, kwalba ce ba komai a cikinta, rai za mu ceta ba biki za mu ba. Ta yi shiru. Na ji daɗin shirun, ban ɓoye ba.

Asabar, 20 ga Yuli

Kai! Yau na ga abin da ban taɓa gani ba.

Da safe komai lafiya. Gidajen haya na Ibo da Gwari da mutanenmu na Adamawa, kowa ya saurara, wata ma har ta rubuta a jikin bango da gawayi. Na fara jin kaina a sama.

Sai muka shiga gidan Malam Ghali, wani magini ɗan Zariya da ke aiki a Abuja. Muka yi sallama, matarsa Safara'u ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ga 'yarta Mansura a goye. Surukarta, tsohuwar da suke kira Iya, tana gefe tana tsince shinkafa. Muka gaisa sosai. Na buɗe jaka, na ciro kwalbar na dangwarar a tsakar gida.

Iya ta ajiye farantin shinkafar. “Baiwar Allah, mene ne wannan?”

Na fara bayani, ba ta bari na kai ƙarshe ba. “A gidan nan? Inda muke salla? Ku ɗauki kayanku.”

Safara'u ta sunkuyar da kai. Kafin azahar labari ya riga mu: matan coci na yawo da giya suna dama wa yara. Ƙofa shida muka yi sallama, ba wadda aka amsa. A ta ƙarshen ma ina jin motsin mutane a ciki.

Lahadi, 21 ga Yuli

Ban yi waƙa ba yau. Na ce maƙogwarona ke ciwo.

Talata, 23 ga Yuli

Mai unguwa ya aiko wa Fasto. Dattawan ekkilisiya sun ce mu dakata da fita sai an san abin yi. Sebastine da ya dawo daga aiki ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa, “Madam, akwai mai sanyi?” Saura ƙiris in jefe shi da ludayi.

Ni dai har yanzu ban ga laifina ba. Ko na gani, kaɗan ne. A Numan ba wanda ya taɓa kallon kwalbar nan sau biyu.

Juma'a, 26 ga Yuli

An sake fitar da gawar yaro, gida biyu tsakaninsu da na Malam Ghali. Ɗaya daga cikin ƙofofi shidan nan ce. Ina zaune gaban kifina aka wuce da shi a 'yar tabarma, ƙarami ne ƙwarai.

Na koma gida na rufe ɗaki na yi kuka. Ya Ubangiji, in girman kaina ne ya rufe ƙofar nan, ka gafarta mini. Ban san ko da mun shiga zai rayu ba. Amma ba mu shiga ba.

Litinin, 29 ga Yuli

Bose ta zo da kwalaben lemo guda biyu. Ba ta yi surutu ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta cika kwalbar giya da ruwa, ta juye cikin na lemon, ruwan ya shige su biyun kusan daidai. Ta ce ta je ta tambayi nas a asibiti, an ce mata ma'auni ɗaya ne, duk wanda mutum ya samu.

Na ce ai na sani.

Kuma na sani ɗin, abin haushin ke nan. An faɗa mana tun a Numan, ni ce ban taɓa bukatarsa ba na mance. Bose ta ce, “To Mama, no wahala,” ta sha ruwanta ta tafi. Da ma zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Laraba, 31 ga Yuli

Mun je wurin mai unguwa, ni da Fasto da Bose. Na durƙusa na ba da haƙuri da bakina, gwiwata har yanzu tana mamaki. Bose ta haɗa ruwan a gabansa da kwalaben lemo, ya ɗanɗana, ya ce bai fi hawaye gishiri ba. Ya ce zai sa liman ya yi magana, amma kowane maigida shi ke da ƙofarsa.

An buɗe mana gida huɗu. Malam Ghali ya aiko cewa ya gode, ba ya bukata.

Na mayar wa Alphonsus kwalabensa duka.

Asabar, 3 ga Agusta

Bari in rubuta wannan tun da zafinsa.

Wajen ƙarfe goma na safe ina kasa kifi, sai ga tsohuwa tsaye a kaina da mayafi a karkace. Iya ce, wadda ta kore ni. Ta ce, “Ke ce mai kwalbar nan?” Na ce ni ce, Iya. Ta ce, “Mansura ce. Tun jiya. Ubanta ya tafi Abuja tun asuba. Taso, 'yar nan.”

Ban ma rufe kifin ba, maƙwabciyata na bar wa. A hanya na sayi lemo biyu, na zubar a kwata, mai shagon na kallona kamar na haukace.

Yarinyar na kwance a cinyar uwarta, ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa, ko kuka ba ta iyawa. Sun daina ba ta komai, wai don cikin ya tsaya. Na tsuguna na duba ta. Akwai ruwan da aka tafasa da safe. Na miƙa hannu zan ɗauki gishiri, sai na fasa. Na ce Safara'u, ke za ki haɗa, ni ba kullum nake nan ba. Ta ɗebi gishirin, ta shafe cokalin. Iya ce ke ƙirga sukari da ƙarfi, ɗaya, biyu, har goma.

Cokali ɗaya, a jira, cokali ɗaya. Ta amayar. Safara'u ta dube ni, na ce bari ta ɗan huta mu ci gaba. Na ce ta ba ta nono kuma. Iya na karanta addu'arta a gefe, ni ina kiran Yesu a zuci, ba wadda ta hana wata.

Bayan azahar yarinyar ta kama cokalin da hannunta. Can sai ta tsula wa uwarta fitsari a zane. Na yi guɗa! A gidan mutane, ni Briskila, na yi guɗa saboda fitsari. Iya ta ce lafiya? Na ce Iya, ruwa ya koma jikinta.

Duk da haka na ce sai mun kai ta asibiti. Iya ta ce ita ta ba da izini, in ɗanta na da magana ya same ta. Nas ta duba ta ce da ba a fara ba ta ruwan ba, da labarin ya sha bamban. Can Malam Ghali ya iske mu, da siminti har a gira. Ya daɗe yana kallon 'yarsa, sa'an nan ya juyo ya ce, “Mama, Allah ya saka da alheri.” Iyakar abin da ya ce ke nan, ni kuwa ya ishe ni.

Lahadi, 4 ga Agusta

Na ba da shaida a coci. Mata suka ɗauki tulun kiɗa da kacau-kacau, muka yi rawa har Fasto ya haƙura da rabin wa'azinsa. Maƙogwarona ya warke sarai. Na ambaci sunan Bose a gaban jama'a. Sau ɗaya, amma dai na ambata.

Alhamis, 15 ga Agusta

Mansura na tafiya tana jan zanen kakarta. Iya ta aiko mini da ƙwaryar fura.

Asabar, 31 ga Agusta

Gida talatin da biyu muka shiga zuwa yau, mu goma sha ɗaya, kowace da kwalaben lemonta. Amma akwai gidajen da har gobe ba za su buɗe wa mai zanen Zumunta ba, ko da madara ta zo. Waɗannan Safara'u ce ke yinsu. In an yi suna ko biki, bayan an ci abinci sai ta ce a kawo mata ruwa da cokali. Bose ta ce ranar nan mata sun fi ashirin a kanta, Iya na gefe tana gyara wa masu cika cokali da yawa.

Mako biyar ke nan ba a fitar da gawar yaro a layinmu ba. Ina rubutawa ina tsoron rubutawa. Yabo ya tabbata ga Ubangiji.

Lahadi, 15 ga Satumba

Wani dattijo a coci ya tambaye ni, duk wannan yawon, mutum nawa muka kawo sujada? Na ce ko ɗaya, Baba, amma je ka ƙirga yaran da ke wasa a bayan katanga. Sebastine ya ce bakina zai sa a tsige ni. Su tsige.

Asabar, 5 ga Oktoba

Wata mata daga Diko ta tsaya sayen kifi. Maƙwabciyata mai tumatir na ƙorafin ɗanta ya fara zawo, sai matar ta ajiye jakarta ta hau koya mana, har da ni. Kwalbar lemo biyu, gishiri ɗaya, a shafe cokali. Ta dube ni ta ce, “Mama, ke ma ki riƙe, ko don jikokinki. Ruwan Safara'u muke ce masa. Wata baiwar Allah ce a Bagama ta kawo shi, ta ceci yara ba adadi.”

Maƙwabciyata ta zuba mini ido, ta san halina. Na buɗe baki. Numan na kan harshena, da shekara bakwai ɗin, da komai.

Sai na ji na ce, “Sukarin cokali nawa kika ce?”

Ta ce goma. Daidai ne.

Na ce na gode, zan riƙe. Na ƙara mata kifi biyu gyara, ta tafi.

Ban gaya wa Bose ba. Zafin rana ne, ina jin, ya hana ni dogon bayani.