Mijin da Ya Hana Ni Tuwo

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar tsamiyata a tsakar rana! Zuwa ga ruwan farko na damina, wanda ƙamshinsa ke tashi daga ƙasa ya ratsa har ɓargo! Zuwa ga Abban Zinnira, mai sayar da taki da irin shuka a kasuwar Gwarzo a da, babban likitan ciwon suga na Gwarzo da kewaye a yanzu, wanda ya samo digirinsa a cikin wayar hannu ba tare da ya taɓa taka ƙofar makarantar likitoci ba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya kasuwa, ya jama'a, ya kuma marasa lafiyarka, in ka samu wasu bayan ni? Ina rubuto maka ne daga Kabo, daga ɗakin Gwaggo, inda nake jinya tun ranar da aka sallamo ni daga asibiti. Albishirinka, ya masoyina: ina raye! Na san labarin zai ba ka mamaki, domin yau da safe na ci ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka, kuma sama ba ta faɗo ba.

Za ka ce me ya sa takarda, alhali ga waya? Saboda duk sanda ka kira, ya zakaran zuciyata, kalmominka uku ne: "Nawa ya nuna?" Ba ina kwana, ba ya jiki. In faɗa maka lambar da abin gwaji ya nuna, ka yi ajiyar zuciya, ka kashe. Wace mace ce ba za ta narke da irin waɗannan kalamai na ƙauna ba? To takarda ba ta da abin kashewa. Zauna ka karanta.

Ka tuna zamanin da kake zuwa zance wannan gida, da la'asar, a kan tsohon kekenka mai kuka kamar akuya, da karan rake ɗaure a baya? Ka tuna yadda kake zama a bakin dakali kana ɓare shi da 'yar wuƙarka, kana yanka min gaɓa-gaɓa, kana rantsuwa cewa duk raken fadamar nan bai kai muryata zaƙi ba? Wata rana ka shagala da kallona har ka yanke yatsa, ka ɓoye hannun a aljihu don kada in gani, jini yana ɓata maka farar riga, kai kuma kana ta murmushi. A ranar na ce a raina, wannan mutum zai iya halaka kansa saboda ni. Ban san har da ni za a haɗa ba. Kada ka tsorata, na tambaya: likita ta ce ba rakenka ne ya jawo min ciwon ba.

Da ƙishirwa ta dame ni bara, ina shan ruwa kamar gonar da ta shekara ba a yi mata ban-ruwa ba, ina rama, rubutun da nake yi wa ɗalibai a allo yana yi min hazo, kai ka goya ni a babur zuwa asibiti. Likita ta ce ciwon suga ne. Ta yi mana bayani a natse, da Hausar da ko yaron goye zai gane: in sha ƙwayata kullum, in ci abinci a kan lokaci, in rage yawan tuwo da shinkafa, in ƙara ganye da wake, in rabu da lemon kwalba da suga a koko, in riƙa tafiya a ƙasa. Kana zaune a gefena kana ta gyaɗa kai. Ashe, ya farin watana, cikin duk zancen nan kalma ɗaya ce ta shiga kunnenka, ita ce "rage", kuma kafin mu iso gida ta rikiɗe a kanka ta koma "daina".

Kai, wane irin so ne wannan! Suga ya fita daga gida, na ce madalla. Shinkafa ta bi shi, na yi shiru. Sai tuwo, sai fura, sai dankali. Wata safiya ka ji wani bawan Allah a saƙon murya, wanda ba ka san sunansa ba, ba ka san garinsu ba, yana cewa wake ma maƙiyi ne, sai wake ya tattara nasa ya nasa. Me ya rage wa amaryarka ta shekara ashirin? Kokwamba. Dafaffen zogale, ba ƙuli, ba mai, gishiri ma sai ka auna shi da ido kamar mai sayar da zinariya. Akuyar maƙwabta takan leƙo ta katanga ta kalli kwanona, ta kalle ni, ta juya cike da tausayi.

Sa'an nan kyaututtuka suka fara zuwa. Matan wasu ana kawo musu atamfa da turare. Ni, 'yar gata, hulba ake jiƙa min, da girfa, da habbatus sauda, da ruwan shuwaka, da sassaƙen maɗaci wanda in ka kurɓa sai ka tuna duk zunubanka. A kan waɗannan duka ka ɗora sarkinsu: kwalbar kafso da ka saya wurin mai mota da lasifika ranar kasuwa, wadda aka ce tana maganin suga da basir da hawan jini da rashin ciniki, rubutun jikinta kuwa da wani yare ne da ko malamin nan na makarantarmu mai jin harsuna bai iya karantawa ba. Kana tsaye a kaina, ya inuwata, har sai ka ga maƙogwarona ya motsa. Ƙwayar asibiti kuma tana nan, ina haɗiyarta kullum a kan cikin da ba komai sai ganye da ɗaci.

Da na ce maka hannuna na rawa, gumi na karyo min ba dalili, me ka ce? "Alhamdu lillahi, Badi'a, ciwon ne yake fita." Allahu akbar! Ina likitocin Kano, su zo su ɗauki darasi?

Gaskiya dai ba zan zalunce ka ba: ba ka taɓa cin abin da ban ci ba. Ka zauna gabana kana tauna zogalen nan, fuskarka a yamutse kamar tsohon gauta, kana cewa wallahi da daɗi. Ka rame har wandonka ya fara neman hanyar ƙasa, abokan kasuwa suna tambaya ko kai ne marar lafiyar. Mutum biyu, ga rumbu cike da dawa a bayan ɗaki, suna kashe kansu da yunwa cikin ƙauna da fahimtar juna! Shi ya sa na kasa yi maka musu. Ta yaya zan ture kofin da aka miƙo min da irin wannan ido?

Sai ranar sunan ɗan ƙanenka Tasi'u a Kutama. Wasu abubuwan ka gani, wasu ba ka gani ba, bari in cika maka. Da safe na sha ƙwayata, na bi ta da kokwamba rabi. Ka raka ni har ƙofar cikin gida da gorar jiƙo a hannuna, ka ja kunnen matan gidan cewa duk wadda ta miƙa min waina ita da Allah. Na zauna a tabarma, waina na wucewa ta dama, funkaso ta hagu, alkaki yana yi min murmushi daga faranti, ni kuwa ina kurɓar maɗaci kamar mai zaman makoki. Wajen azahar sai na ji muryoyin mata suna nisa, kamar daga cikin rijiya. Gumi mai sanyi ya jiƙa min mayafi, harshena ya yi nauyi, na zame na jingina da bango. Gida ya rikice. Wata na salati, wata na cewa iska ce a kawo hayaƙi, wata ta fara kuka tun ban mutu ba.

Malama Tabitha ce ta ratsa su, abokiyar aikina 'yar Filato, wadda mahaifinta ya yi shekaru da wannan ciwo. Ta durƙusa ta tambayi me na ci. Da ta ji amsa, ta ga kuma ina iya haɗiya, sai ta dama suga a ruwa ta kafa min kofi a baki.

A nan ne jarumina ya bayyana! Ka faɗo cikin mata ba sallama, ba takalmi, hularka ta tsaya a zaure ta ƙi biyo ka, kana ihu: "Kada ku ba ta suga! Guba ce! Za ku kashe min ita!" Ka kai hannu za ka fizge kofin. Tabitha ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce, "Malam Datti, suganta ne ya sauka. Yunwa ce. In ka taɓa kofin nan, ni da kai ne yau." Ka tsaya da hannu a sama. Ni kuwa na sha, na ƙara sha, duniya ta fara dawowa da kaɗan-kaɗan, abin da na fara gani kuwa fuskarka ce, hawaye na bin gemunka a gaban matan Kutama kaf.

A asibiti likita ta nemi a kawo duk abin da nake sha. Ka je ka dawo da buhu. Buhu, ya rabin raina! Ta jera su a tebur har wuri ya ƙare. Ta ce zogale da hulba da girfa ai abinci ne, a ci daidai ba laifi, amma ba sa maye gurbin ƙwaya, ba sa maye gurbin tuwo. Ta ce kafson nan a zubar, ba wanda ya san me ke ciki, kuma ƙoda ba ta da ta canji a kasuwa. Ta ce ƙwayar da nake sha aikinta sauke suga, in ba abinci sai ta sauke shi har ƙasa, kuma saukar tana iya kashe mutum da gaggawa fiye da hawan. Da Gwaggo ta iso daga Kabo ta ce, "Ku ba ni 'yata in je in ciyar da ita," kai da kanka ka ɗauki jakata ka sa a mota, ba ka iya haɗa ido da ni ba.

Tun ranar ban sa ka a ido ba. Jiya kuma ƙanenka Tasi'u ya zo da saƙonka: wai in zauna wurin Gwaggo har sanda na ga dama, wai kai ba ka cancanci riƙe ni ba. Madalla da wannan hikima! Da farko ka hana ni abinci don kada in mutu, yanzu za ka hana ni kanka don in rayu? Wannan kuma a wane saƙon murya ka ji shi?

Bari in ajiye wasa kaɗan, Abban Zinnira, domin ƙirjina ya cika. Na san abin da kake gani in ka kalle ni. Inna Hajaratu kake gani. Ina nan lokacin da ƙaramin ciwo ya fito mata a ɗan yatsan ƙafa ya ƙi warkewa, ba wanda ya san suga ne sai da ya ci ya cinye. Ina nan ka goya mahaifiyarka a bayanka zuwa mota, aka kai ta Kano da ƙafa biyu aka dawo da ita da ɗaya, ba ta ga wata damina ba. Ba ka taɓa yi min zancen ba, amma duk kofin ɗacin da ka miƙo min, na san ita kake ba wa. Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka kabarinta. Amma ni ba ita ba ce. Ita ba ta sani ba sai da lokaci ya ƙure. Ni na sani da wuri, ina da magani, ina da likita, ina kuma da miji, in ya ga damar zuwa.

Ka zo ka ga yadda nake. Da safe koko kaɗan ba suga, da ƙosai. Da rana tuwo daidai dunƙulen hannuna, miya kuwa ganye har ya fi tuwon yawa. Ga wake, ga rama, ga kwaɗon zogale da ƙulinsa kamar na 'yan Adam, wani lokaci kifi. Bayan la'asar ni da Gwaggo mu taka har bakin gonaki mu dawo, tana ba ni labarin mutanen da suka mutu tun kafin a haife ni. Dabino yana cikin jakata ko da hannu zai sake rawa. Lambar da kake ƙauna fiye da ni kuwa tana zaune inda likita ke so, ba ta hau, ba ta faɗi.

Amma ina amfanin lamba mai kyau in ba wanda zan yi wa gori da ita? Dawar Kabo ta fitar da kai, iska na kaɗa ta kamar ruwan tafki, ni kuwa idona na kan hanyar Gwarzo. Duk babur da ya tsaya a ƙofar gida sai zuciyata ta buga, sai in ji ashe mai kifi ne. Wane ganye ne maganin wannan, ya likita? Wane sassaƙe?

Ga roƙona. Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ka zo hannu sake, ko ƙwayar hulba kada ta biyo ka a aljihu. Ranar asibiti mu tafi tare, ka buɗe kunnuwanka duka biyu, duk abin da ka ji a gari ka tambayi likita kafin ya iso bakina. Ni kuma na yi maka alkawari ba zan yi wasa da ƙwayata ba, ba zan yi wasa da cikina ba, lemon kwalba kuwa ni da shi sai kallo. Niyyata in tsufa a gidanka, in ga furfura ta cinye maka kai, in yi maka mita da bakin da ba haƙori, in kai Zinnira ɗakinta ina takawa da ƙafafuna biyu.

In kuwa kunya ta hana ka zuwa, to ka share tsakar gida, ni zan taho, daga Kabo har Gwarzo, a ƙasa. Ai an ce in riƙa tafiya.

Taka ce jiya, taka ce yau, taka ce har ranar da abin da ba ya jin magani zai raba mu. Ba wani a zuciyata kafin kai, ba kuma wani bayanka.

Matarka mai ƙaunarka duk da haka,
Badi'a