Ni da Obinna da Shugaban Yaƙin Basasa

Daren Alhamis, unguwar Xiaobei, ƙasar Sin

Alhamdu lillahi, yau na shirya da Obinna. Shekara shida yana aika min kaya Kano, amma tun Litinin ya daina amsa gaisuwata. Ranar, muna cin abinci, na ce shugaban da ya jagoranci yaƙin basasa gwarzo ne, shi ya hana ƙasa rabewa. Obinna ya ajiye cokali ya ce, "Yunwar yaƙin nan ta kashe yayyena biyu."

Ɗazu na same shi a ofis, na ce, "Ka yafe min. Ni ma babana soja ne, bai dawo daga yaƙin ba."

Ya ce, "Alhaji, ra'ayina bai canza ba. Zauna mu sha shayi."

Wallahi sai lokacin hankalina ya kwanta.