Bakina Bai San Komi Ba Sai "To"

Zuwa ga Malam mai ba matasa shawara,

Bayan gaisuwa da girmamawa, don Allah ka taimake ni, na gaji irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Mutanen garinmu gani suke ɗan makaranta ba ya aikin komi, shina zaune bisa benci cikin inuwa, En'e, hukumar sarki, na ba shi tuwo. Ni ma haka na zata kafin in shiga.

Ni mutumin Wurno ne, ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai a Sakkwato. Babanmu ya rasu bara waccan. Wana Halliru ya tahi cin rani ƙasar Gwalkwas can bakin teku, har yau shiru. Ya bar lambunmu na albasa a fadama ba mai jan jigon ban ruwa, sai ƙannena mata da ke ɗibar ruwa da ƙwarya. Innata Habi ta ce tunda zama nike yi a makaranta, in riƙa zuwa ina ban ruwa. Na ce to. Shugaban kwalejinmu Bature ne, ya tausaya, ya ba ni izinin zuwa gida ranar hutun mako. Sai in hau keken aro in taka har Wurno, in wuni ina jan jigo har kafaɗuna su mutu, in sake takowa. Idan na dawo ko alƙalami ba na iya riƙewa daidai.

Ana cikin haka Malam Abubakar mai koya muna aikin gona ya ji ni ɗan masu albasa ne, ya ce ai lambun kwaleji ya sami mai shi. Na ce to.

Sai kokawa. Malam, kar ka yi mini dariya, ita kaɗai ce abin da raina ke so cikin duka wanga. Tun ina ƙarami nike yinta. Da la'asar 'yan kwaleji kan taru a fili, kowane gari da gwaninsa, abokaina kuwa sun ce ni ne na Wurno da Rabah da Goronyo gaba ɗaya. Su ma na ce musu to. Amma kwanan baya wani siriri ɗan Argungu, wanda a da da hannu guda zan ɗaga shi, ya shimfiɗe ni ƙasa gaban kowa. Ban ma ji kunya ba, daɗin kwanciyar na ji.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, rannan ana darasin lissafi barci ya ɗauke ni. Malami ya kira sunana, na zabura na ce a toshe fangalin nan ya cika, ashe mafarki nike ina ba kwamin albasa ruwa. Aji ya fashe da dariya, yanzu Fangali suke kirana. Aka kai maganar ga Bature. Ya ce in na faɗi jarrabawar ƙarshen zangon ga, zai sallame ni ya sanar da En'e. Ya tambaye ni ko zan ci. Na ce to. Ya ce ya riƙe ni da wanga alkawari. Ni kuwa ban san alkawari na yi ba.

In aka kore ni, da wane ido zan dubi Inna? In na bar lambu albasa ta bushe, mi za su ci? Mi zan yi, Malam?

Gajiyayye daga Wurno

AMSA

Ƙanena Gajiyayye,

Sannu da ƙoƙari. Ba rago ba ne kai, kuma ba daƙiƙi ba ne. Mutumin da yake ban ruwa har cikin barcinsa ba a kira shi malalaci. Ciwonka ɗaya ne, kuma kai da kanka ka faɗe shi a kowane sakin layi: kalmar nan "to".

A gidajenmu idan babba ya yi magana yaro ya ce "to", abin da yake nufi shi ne na ji, na girmama ka. Babban ma ya san haka, shi ya sa yakan duba fuskarka ya rage maka kaya. Bature bai san wannan ba. A kunnensa "to" ɗinka rantsuwa ce. Kai kuma da ka zauna tsakanin gida da makaranta, sai ka riƙa faɗinta irin ta gida, kana cika ta irin ta Bature. Ba jikin da zai ɗauki wannan.

Inna ba ta yi laifi ba. Albasar nan ita ce abincin gidanku, kuma ba ta taɓa ganin cikin aji ba balle ta san karatu yana cin ƙarfi. Shugabanku ma bai zalunce ka ba, ba zai tura malamin da bai iya lissafi ba ya koya wa 'ya'yan mutane. Amma ka auna da kyau: albasa in ta yi rauni bana, za a sake dasawa baɗi. Kwaleji in ta sallame ka, ba ta sake kira. Kuma malamin da zai fito daga cikinta shi zai riƙe Inna da ƙannenka shekara da shekaru.

Ba zan ce ka je ka ce wa mahaifiyarka a'a ba, ba tarbiyyarmu ba ce. Ka nemi kawunka ko wani dattijo da take jin nauyinsa, ka gaya masa duk abin da ka gaya mini, har da maganar sallama, wadda na tabbata ka ɓoye mata. Shi zai yi mata bayani, shi kuma zai nemo maƙwabcin lambu da zai ja jigon zuwa lokacin cire albasa, a ba shi kasonsa daga amfanin. Gara a raba albasar da a rasa ta, a rasa ka.

Malam Abubakar kuwa ka same shi shi kaɗai, ka durƙusa ka ce ya sauke maka lambun kwaleji har ka gama jarrabawa. Malami ne, ya fi son ka ci da a ce kabejinsa ya yi kyau.

Kokawa kada ka yar da ita. Na san za a ce maka ita ce wasa, ita za a fara yankewa. Ni ban yarda ba. Saurayin da aka raba da duk abin da ke sa shi dariya, littafin ma ba ya shiga kansa. Ka riƙa fita sau ɗaya a mako don jin daɗinka, amma ka ajiye zama gwanin garuruwa uku. Goronyo ta nemi nata.

Karatun kuma ka yi masa yadda ka san ana yi wa albasa: ruwa kaɗan kullum, da sanyin safiya, ba a tara shi a kwarara rana ɗaya ba. Ka fara da lissafin da ya kunyata ka, ka zauna kusa da wanda ya fi ka iyawa.

Ga abin da nake so ka gwada tun gobe. Duk wanda ya ɗora maka sabon aiki, ka gaishe shi da ladabi ka ce: "Na ji, amma ina da jarrabawa a gabana." Da farko harshenka zai yi nauyi kamar ka yi rashin kunya. Ka duba fuskarsa, za ka ga bai ji haushi ba, wataƙila ma addu'a zai yi maka.

Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya dawo da Halliru lafiya, Ya ba ka sa'ar jarrabawa. Yau dai ka rufe littafi da wuri, ka je ka yi barci.

Yayanka,
Malam Lawwali